Daga jitar hamada zuwa kiɗan na'ura: ta ina mai sauraro zai fara?

"Malam, barka da aiki. Kusan shekara uku ke nan ba na sauraren kowa sai Tinariwen da Ali Farka Touré da makamantansu. Ina son in faɗaɗa, amma manhajar da nake amfani da ita kullum abu ɗaya take jero mini. Wani abokina ya turo mini abin da ya kira kiɗan gwaji, minti biyu na kashe shi, don ji na yi kamar inji ya lalace. Kiɗan na'ura kuma a zatona na gidan rawa ne kawai. Shi kuwa indi ban ma san mene ne shi ba. Don Allah ta ina zan fara, kuma kai me kake saurare?"

Barka kadai, ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, abu uku kake son sani: me ya sa manhaja take ta zagaye da kai wuri ɗaya, ko akwai hanya daga abin da kake so zuwa waɗannan nau'o'in da suke maka baƙi, sannan in faɗa maka abin da ni nake ji. Hanya akwai ta, kuma ta fi yadda kake zato kusa. Na shafe shekaru ina shirya shirin kiɗa na dare a rediyo, kuma babu tambayar da masu sauraro suka fi yi mini kamar taka. Duk wanda ya zo mini da ita ba na tambayarsa nau'in kiɗan da yake so. Cewa nake yi ya gaya mini abin da yake riƙe shi a cikin waƙar da ya fi maimaitawa, muryar ce, ko bugun, ko kuwa wannan shiru da ke tsakanin sauti da sauti. Daga amsarsa nake sanin inda zan tura shi.

Sunayen nan huɗu

Sunaye ukun da ka lissafa, da na huɗu, "kiɗan duniya" da ake kiran irin wanda kake saurare yanzu, ba da mudu ɗaya aka auna su ba, shi ya sa suke rikita mai farawa. "Kiɗan duniya" sunan kasuwa ne. A 1987 wasu masu ƙananan kamfanonin faifai suka yi taro a Landan, suka amince da wannan suna don shagunan faifai su sami akwatin da za su zuba kayansu. Da haka mai kiɗan kora daga Mali da mawaƙin ƙawwali, wato waƙar Sufaye, daga Fakistan da mawaƙiya daga tsibiran Cape Verde suka tsinci kansu a akwati ɗaya, alhali babu abin da ya haɗa su sai cewa ba da Turanci suke waƙa ba. Sunan ya taimaka wa mutane da yawa aka ji su, amma ya sha suka, har masu ba da kyautar Grammy suka sauya sunan wannan rukuni a 2020. Indi kuwa daga kalmar 'yanci ya samo asali: makaɗan da suke fitar da aikinsu ta ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, irin su Rough Trade da 4AD a Ingila, waɗanda suka taso a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Daga baya sunan ya koma nufin wani irin sauti, jita da murya marar ƙawa da yawa. Kiɗan na'ura sunan kayan aiki ne, kiɗan gwaji kuma sunan niyyar mai yi ne. Don haka faifai ɗaya zai iya shiga duka huɗun a lokaci guda.

Ita kuwa manhaja lissafi take yi. Tana duba mutanen da suka saurari abin da ka saurara, ta ba ka abin da suka ji bayansa, kuma duk waƙar da ka tsallake da wuri sai ta ɗauka ba ka son dangin ta. A Spotify, alal misali, sai waƙa ta kai daƙiƙa 30 ake ƙirga ta an saurara. Kiɗan da sai ya yi minti biyar kafin ya buɗe baki, a irin wannan lissafi kullum shi ne a baya. Manhajar ta san kama da wane, amma kama da wane ba ta wane.

Abin da kunnenka ya riga ya iya

Wanda ya yi shekara uku da Tinariwen ya koyi abu biyu ba tare da ya sani ba. Na farko haƙuri da maimaici. Ka lura da yadda waƙoƙinsu suke: ɗan gajeren zance na jita yana ta kewayawa a kan sauti ɗaya na tushe, tafi yana riƙe da shi, 'yan amshi suna karɓa, kuma ba a gaggawar zuwa ko'ina. Na biyu jin murya ba tare da jin magana ba, domin ina kyautata zaton ba ka jin Tamashek, amma ka san lokacin da mawaƙin yake kewa da lokacin da yake fushi. Waɗannan biyun su ne igiyoyin da za ka riƙe, kuma ta farko ita ce za ta kai ka nesa.

Fara da abin da ke maƙwabtaka da kai. In the Heart of the Moon, wanda Ali Farka Touré da Toumani Diabaté suka fitar a 2005, an ɗauke shi ne a wani ɗaki na otal a Bamako, a bakin kogin Neja, kusan ba tare da bita ba. Jitar Ali tana riƙe da ƙasa, kora mai tsirkiya 21 tana ta saƙa a samanta. Ka saurare shi sau ɗaya kana bin korar, sannan ka sake saurare kana bin jitar kaɗai. A karo na biyun za ka ga cewa abin da ka ɗauka bai canzawa yana canzawa kaɗan-kaɗan a kowane zagaye. Wannan irin sauraro shi ne mabuɗin duk abin da zan ambata gaba.

Daga nan ka tsallaka Kinshasa wurin Konono Nº1, faifansu Congotronics na 2004. Abin kiɗansu likembe ne, ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu. Wanda ya kafa ƙungiyar, Mingiedi Mawangu, yana son a ji kiɗan a cikin hayaniyar birni, sai ya haɗa makirfo da hannunsa daga maganaɗisun tsofaffin kayan mota, ya jona da lasifika. Sautin ya fito a fashe, yana ƙara yana gurnani, su kuma suka rungumi fashewar ta zama gishirin kiɗan. Wannan kiɗan gargajiya ne na Bazombo, na lantarki ne, na gwaji ne, kuma masu son indi a Turai da Amurka ne suka fi rububinsa, har mawaƙiyar Aisilan Björk ta gayyace su cikin faifanta na 2007. In ka ji daɗin Konono, to ƙarar da ta kore ka daga abin da abokinka ya turo ta fara zama maka 'yar gida.

Yanzu ga mutumin da nake son ka daɗe a wurinsa, Steve Reich na Amurka. A 1965 yana wasa da na'urorin tef guda biyu ɗauke da magana ɗaya, sai ya lura ɗaya tana ɗan fin ɗaya sauri, maganar tana rabuwa da kanta a hankali, wani sabon kari yana fitowa daga tsakani wanda babu wanda ya shirya shi. A 1970 ya je Gana ya zauna wurin makaɗan Ewe yana koyon ganga, ya dawo ya rubuta Drumming. Akwai wani ɗan aikinsa na 1972, Clapping Music, wanda ba ya buƙatar komai sai mutum biyu da tafin hannu. Su biyun suna tafa kari ɗaya mai bugu 12, ɗaya ya tsaya a kansa, ɗayan kuma bayan an maimaita sau da yawa sai ya gusa da bugu ɗaya, haka har ya zagayo su sake haɗuwa. Na taɓa gwada shi da wani matashi mai kula da na'urorinmu a situdiyo, wanda kullum yake ce mini irin wannan kiɗa ɓata lokaci ne. Muka zauna gefen tebur muna tafi. A gusawa ta uku ya ɓace, ya tsaya da hannuwansa a buɗe yana kallo na, ya ce in dakata, ya ji wata ganga ta uku a tsakaninmu, wa ke buga ta? Babu kowa, tafin mutum biyu ne ya haife ta. Daren nan ya zauna ya ji Music for 18 Musicians tun daga farko har ƙarshe, kusan awa guda, bai tashi ba. Shi ne faifan da zan ce ka nema, wanda kamfanin ECM ya fitar a 1978. Marimba da fiyano da muryoyin mata suna bugawa kamar numfashi, kuma wanda ya saba da jitar hamada ba zai ji shi baƙo ba ko kaɗan.

Kiɗan na'ura

Gaskiya ne wani ɓangare babba nasa don rawa aka yi shi, kuma ba abin raini ba ne. Tekno ya taso ne a Detroit a shekarun 1980 a hannun wasu matasa baƙar fata, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka saurari Kraftwerk na Jamus suka gauraya da kiɗan da suka tashi da shi. Amma ba ta nan zan shigar da kai ba. Akwai Mamman Sani na Nijar, wanda ya ɗauki wani kaset a 1978 da ogan ta lantarki, yana buga karin waƙoƙin Sahel a hankali, sautin yana shawagi. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. A shekarar 1978 ɗin nan dai Brian Eno ya fitar da Music for Airports a Ingila, wanda ake ɗauka shi ne ya raɗa wa kiɗan ambiyan suna. Ka ji su a jere a dare ɗaya. Mutum biyu ne a nahiya biyu suna neman abu ɗaya, sautin da zai zauna a ɗaki tare da kai ba tare da ya ja ka da ƙarfi ba. In sun zauna maka, Selected Ambient Works 85–92 na Aphex Twin da Music for Nine Post Cards na Hiroshi Yoshimura daga Japan, na 1982, suna nan suna jiran ka.

In kuwa aka ce in zaɓi faifai ɗaya tak daga cikin shekarun nan in ba ka, Promises zan ba ka, na 2021. Mutum uku ne a kansa in an ƙirga ƙungiya a matsayin mutum: Floating Points, wato Sam Shepherd, makaɗin na'ura ɗan Ingila, Pharoah Sanders, tsohon mai busa saksofon na jaz wanda ya yi aiki da John Coltrane, yana da shekara 80 lokacin da faifan ya fita, da ƙungiyar makaɗan London Symphony. Minti 46 ne a kashi tara, kuma duk an gina shi a kan sauti bakwai da suke dawowa bayan 'yan daƙiƙoƙi, kamar ɗigon ruwa a kwano. Sanders yana shigowa da busa mai taushi, har kana jin iskar bakinsa kafin sautin ya kama. A kashi na huɗu sai ya ajiye saksofon ya yi ta guna-guni da leɓɓansa kamar mai rarrashin jariri. A na shida masu goge suna tasowa gaba ɗaya su cika ko'ina, sannan su janye, sautin nan bakwai ya dawo shi kaɗai, amma kai ka riga ka canza, ba yadda ka ji shi da farko kake jin sa ba. Sanders ya rasu a 2022, shekara ɗaya bayan fitarsa. Kada ka sa shi kana aiki ko kana hira. Ka ba shi minti 46 ɗinsa cif.

Igiyar murya

Nan zan yi sauri, don hanyar ta fi sauƙi. Nusrat Fateh Ali Khan, Shahen-Shah na 1989, ƙawwali ne tsantsa, tafi da amshi da murya mai hawa har ka ji tsikar jikinka ta tashi. Daga shi sai Arooj Aftab, 'yar Fakistan mazauniyar New York, wadda ta ɗauki tsofaffin baitocin Urdu ta rage musu gudu a Vulture Prince na 2021, ta kuma ci Grammy a 2022. Cesária Évora da Miss Perfumado na 1992 ga mai son kewa mai sanyi.

Ta wannan ƙofa nake shigar da mutane indi. Cocteau Twins na Sikotilan, a Heaven or Las Vegas na 1990, mawaƙiyarsu Elizabeth Fraser tana lanƙwasa kalmomi har masu Turancin ma ba sa gane abin da take faɗa, don haka kai da su duk ɗaya ne a gabanta. Sigur Rós na Aisilan sun ma wuce nan, faifansu na 2002 da wani harshe na ƙirƙira suka rera shi, marar ma'ana sai ta sauti. In kana son indi na jita da murya zalla, Carrie & Lowell na Sufjan Stevens, 2015, wanda ya yi bayan rasuwar mahaifiyarsa, yana rera shi ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada wani daga barci. Akwai kuma gada da aka gina kamar dominka: Khruangbin, mutum uku daga Houston, sun haɗu da Vieux Farka Touré, ɗan Ali Farka Touré, a 2022 suka sake buga waƙoƙin mahaifinsa a faifan da suka sa wa suna Ali. Waƙoƙin ka san su, tufafin ne sababbi. Ra'ayina shi ne na uban sun fi nauyi, amma a matsayin mashiga yana da kyau ƙwarai.

Burial da faifansa Untrue na 2007 yana tsaye a inda igiyoyin biyu suka haɗu. Yana yanko guntayen muryoyi ya ɗaga su ko ya sauke su har ba ka sanin mace ce ko namiji, ya zuba a kan bugu mai ɗan tangaɗi da ƙarar tsohon faifai da saukar ruwan sama. Kiɗan mutumin da ke tafiya shi kaɗai ne a birni cikin dare.

Abin da abokinka ya turo

Kashe shi da ka yi ba laifi ba ne. Kiɗan gwaji fage ne mai faɗi, kuma akwai ɓangarensa da aka yi musamman don ya takura kunne. Kuskuren a wurin farawa yake. Da ni ne, da The Disintegration Loops na William Basinski zan fara maka. Yana da wasu 'yan guntayen tef da ya ɗauka tun farkon shekarun 1980, ya ajiye kusan shekara ashirin. A 2001 ya ɗauko su don ya kwafe a kwamfuta, sai ya ga duk zagayen da tef ya yi, garin ƙarfen da ke riƙe da sautin yana ɓarewa yana zubewa. Bai tsayar ba, ya bar na'urar tana ɗauka. Abin da kake ji ɗan karin busa ne na 'yan daƙiƙoƙi yana maimaita kansa sama da awa guda, ramuka suna buɗewa a cikinsa, har ya rage sai inuwarsa. Na farko da na ji shi, wajen minti arba'in na tsinci kaina ina cike gurbin sautin da ya ɓace da raina, ina rera shi a zuci duk da ba ya nan. Ban taɓa jin kiɗan da ya bayyana yadda ake tuna wanda ya rasu kamar wannan ba.

Bayan shi sai Pauline Oliveros, Deep Listening na 1989, wanda ita da abokan aikinta biyu suka ɗauka a cikin wani ƙaton tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a jihar Washington, inda amsa-kuwwa take kai daƙiƙa 45 kafin ta mutu. Kowane sauti da suka busa sai sun jira shi sun zauna da shi kafin su ƙara wani. Kada kuma ka ɗauka wannan fage na Turawa ne kaɗai. Tun 1944 Halim El-Dabh, ɗalibi a Alƙahira, ya ɗauki muryoyin wani bikin zar, mai kama da bori, da na'urar ɗaukar sauti a kan zaren ƙarfe, ya sarrafa su ya mai da su wani sabon abu, shekara huɗu kafin Pierre Schaeffer ya fara irin wannan aiki a Faris.

A nan ya kamata in faɗa maka iyakata. Kunnena ya karkata ga abu mai tafiyar hawainiya, kuma duk shawarar nan da wannan karkata ta zo. Kiɗan ƙara zalla na girmama masu yin sa, amma ba ni ne zan yi maka jagora a can ba. Haka singeli na Darussalam, wanda kamfanin Nyege Nyege na Kampala ya fitar wa duniya, gudunsa ya ninka na yawancin kiɗan rawa, yana burge ni na minti goma sannan in gaji, alhali na san matasan da suke kwana a kansa. Mai yiwuwa kai ma cikinsu kake. Kuma a cikin abin da na lissafa za ka ƙi wasu, wannan babu makawa. Ƙa'idata ga kowane faifai ita ce sauraro uku a ranaku daban-daban, aƙalla ɗaya da abin sauraro a kunne, da sauti matsakaici don kunne ba ya da madadi. In bayan ukun bai yi maka magana ba, ajiye shi. Wasu sai bayan shekaru suke buɗewa.

Don neman na gaba, ka daina bin shawarar manhaja ka fara bin mutane. Duba sunayen waɗanda suka yi kiɗa a faifan da ka so, ka bi kowanne zuwa nasa aikin. Bi kamfanin da ya fitar da shi, domin ƙaramin kamfani yawanci ɗanɗanon mutum ɗaya ne ko biyu. Rediyon NTS na intanet, wanda aka kafa a Landan a 2011, mutane ne suke zaɓar abin da ake sawa, a Bandcamp kuma, shafin sayar da kiɗa, za ka ga abin da masu son irin naka suka saya. Ta bin jerin faya-fayen kiɗan Habasha mai suna Éthiopiques, wanda Francis Falceto ya fara tattarawa a 1997, na iso ga Mulatu Astatke a kundi na 4, daga nan na ci gaba har kundi na 21.

Wannan na 21 shi ne amsar tambayarka ta ƙarshe, abin da nake saurare a 'yan kwanakin nan. Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou ce, 'yar Habasha mai hidimar coci, wadda ta rasu a Birnin Ƙudus a 2023 tana da shekara 99. Fiyano ce ita kaɗai, babu murya babu ganga. Hannun hagunta yana tafiya a hankali, na dama yana gangarowa da karin Habasha mai sauti biyar, yana ɗan jinkiri yana ɗan sauri kamar mai magana tana tunani. In ka gama da Ali da Toumani, kafin ka wuce wurin Konono, ka tsaya wurinta dare ɗaya.